Sunayen kayan kiɗa sun cakuɗe mini a nota, ga hafla saura kwana 9

Abakar Mai Ud, Kassala:
Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da tsawon bayani, kaina ne ya ɗau zafi. Ni haihuwar Omdurman ne. Kakanmu ya taso daga ƙasar Katsina da niyyar hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare masa a Gezira, ya zauna noman auduga. Babana, Allah ya jiƙansa, goge yake kaɗawa a gidajen biki, ni kuma ud na koya, molon nan na Larabawa. Da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023 muka fito da kayan jikinmu. Laftof da firinta da ud biyu duk suna can, ko suna nan ko babu, Allah masani. Abin da ya tsira filasha ce guda, maiɗakina ta jefa ta cikin jakar magungunan tsohuwa ba ta ma san me ke ciki ba. Muka yi wata 8 a Madani, da nan ma ta rikice a Disamba muka yi Gadarif, daga can sai Kassala wajen surukina, ɗaki ɗaya mu bakwai.

A filashar akwai waƙoƙi 14 da na rubuta notarsu, wato rubutun kiɗan da makaɗi yake karantawa, a manhajar MuseScore. Yanzu na haɗa 'yar firƙa, wato ƙungiyar makaɗa: ud, kamanja (violin) biyu, sakis (saksofon), akodiyon, bes, kalangu da dalluka, gangar Sudan. An ba mu hafla, wato bikin kiɗa, kuma masu haflar suna son nota a buge, a tsare. Da na buɗe fayilolin sai na ga abin kunya. A wata waƙa layin kamanja sunansa Goge 1, a wata Kamanja da harafin Larabci, a wata Violin, shafi na biyu kuma Vln. Na gyara a shafin farko, na fitar da PDF na kowane makaɗi, tsohon sunan yana nan a sama ɗaram. Jiya a burofa, wato gwajin kiɗa, mai kamanja ta biyu ya ɗauki takardar da ba tasa ba, da ya samu tasa kuma, a waƙa guda ya yi ta karo da kowa har mai akodiyon ya ajiye ya fita shan shayi. Ina so duk 14 ɗin su zama da suna iri ɗaya, kuma da Hausa. Yaya zan yi?

Isiyaka, Bur Sudan:
Wa alaikumus salam. Yaya Abakar wace MuseScore kake da ita, ta 3 ko ta 4 da ta fito a Disamban 2022? Wurin gyaran ba ɗaya ba ne.

Ustaz Harun, Jidda:
Abakar, saurara da kyau don ba zan maimaita ba. Layi ɗaya yana da suna a wuri uku. Akwai dogon suna, shi ke fitowa a jerin farko na waƙa. Akwai gajere, shi ke fitowa a sauran jeri. Akwai kuma sunan takardar makaɗi, wanda ake bugawa a samanta. Kai dogon kawai ka taɓa, shi ya sa sauran biyun suka tsaya inda suke. Sannan sunan da manhaja take sakawa da kanta yana bin harshen da aka saita ta ranar da aka ƙirƙiri layin, don haka waƙar da aka fara a kwamfutar Turanci za ta zo da Turanci.

Amma wannan duk reshe ne. Tushen matsalar shi ne wannan Hausar da kake son cusawa. Shekara 22 ina wannan aiki, ban taɓa ganin nota mai mutunci da aka rubuta Goge a gefenta ba. Goge tsirkiya ɗaya ce ta gashin doki a kan ƙwarya, kamanja tsirkiya huɗu ce. Ka rubuta Violin I, Violin II, ka huta. Kuma ka sauke Dorico, wata manhajar nota ce, akwai ta kyauta mai ɗaukar makaɗa 8, ita da kanta take sa lamba in kayan kiɗa iri ɗaya sun kai biyu. Ka fitar da waƙoƙin ta MusicXML, tsarin fayil ɗin da manhajojin nota suke musaya da shi, ka zuba a can. Khalas.

Abakar Mai Ud:
Na gode Ustaz, amma Goge ba zai fita ba. Babana duk abin da ake gogawa da baka goge yake ce masa, kuma waƙoƙi 5 daga ciki nasa ne, daga bakinsa na ɗauka. Yaran nan ma a burofa haka nake kiransu.

Ustaz Harun:
To ka rataya hotonsa a bango, wannan ita ce girmamawa. Nota takardar aiki ce. Gobe in mai kamanjarka ya yi ciwo ka ɗauko wani Bahalfe ko ɗan Beja ya maye gurbinsa, zai tsaya tambayar mene ne goge?

Hajiya Batulu, Makka:
Ni dai ban san nota ba, amma maganar suna uku ta taɓa ni. Sunana a fasfo daban, a iƙama daban, a takardar makarantar 'yata daban, harafi ɗaya ne kawai ke yawo. Wata 4 ina zarya tsakanin taga da taga, wannan ya ce koma wancan, wancan ya ce gobe. Wani yaro da bai kai ɗana na fari ba ya dube ni ya ce wai in kawo shaidar ni ce ni. Abakar ɗana, ko me za ka sa ka sa guda ɗaya ka riƙe. Ya jikin tsohuwa? Ana samun maganin hawan jinin a nan?

Abakar Mai Ud:
Da sauƙi Hajiya, ana samu amma da tsada. Allah ya saka.

Ɗan Gadarif:
Ku bari in faɗi gaskiya ko da za a ji haushi. Duk wannan rigimar ta masu kamanja ce. Mu masu kalangu wa ya taɓa ba mu takardar kirki? Layi ɗaya ake ja mana a cika shi da ɗigo kamar lissafin bashi, alhali kalangu matsa shi ake a hammata murya ta hau, a saki ta sauka, magana yake yi. Bara na yi wa wata firƙa biki uku a jere, a takarda aka rubuta mini Tabla, wajen rabon kuɗi kuma aka ce mai tabla rabin kaso ne. Har yau ina bin ragowar, kullum sai a ce Bankak, manhajar tura kuɗi, ba ta tafiya saboda babu shabaka, wato intanet. Ku rubuta Kalangu ko kada ku rubuta, ku dai biya mutane.

Ustaz Harun:
Kalangu a bar shi Kalangu, don ba shi da wani suna da duniya ta sani wanda ya fi wannan. Dalluka ma haka. Ka ga ni ba ƙin Hausa nake ba, ƙa'ida nake bi. Abin da yake da suna a littafi a ba shi na littafi.

Zainabu, Atbara:
Kawu Abakar ina wuni. Ni abin da ya tsaya mini ba sunan ba ne, waƙar nan guda da ka ce an yi karo. Suna ba ya sa murya ta kauce. Don Allah buɗe ta ka dubi farkon layin kamanja ta biyu. In waƙar a Do take, sauran layuka ba su da alama, shi kuma yana da diyez biyu, alamar # mai ɗaga murya, to layin kilarinet ne aka canja masa suna. Kilarinet mai Si bimol ana rubuta masa nota da mataki guda sama da abin da kunne zai ji. Mai kamanja in ya karanta wannan takardar, abin da ya gani zai kaɗa, sai ya hau kan kowa da mataki guda tun daga farko har ƙarshe. A kwamfuta ba za ka ji ba, don ita ta san kilarinet ne, daidai za ta kaɗa maka.

Akwai maɓallin da ke nuna ainihin muryar da ake ji. Danna shi, in ɗigon wannan layin sun motsa to shi ke nan. Maganin shi ne ka shiga bayanan layin ka musanya kayan kiɗan gaba ɗaya zuwa kamanja, sannan ka rubuta sunan da kake so, don musanyar tana dawo da sunan asali. Layin sakis kuma kada ka taɓa shi. In alto ne mai Mi bimol, diyez uku za ka gani a waƙar Do, kuma haka ya kamata.

Abakar Mai Ud:
Na duba. Diyez biyun suna nan. Amma ba ni ba ne, ɗan ƙanwata ne ya shigar mini da waƙoƙi uku lokacin da idona yake ciwo. A Omdurman muna da mai kilarinet, da ya tafi Masar na ce a ba kamanja layinsa. Ni dai na ce a ba shi, ban ce a yi haka ba.

Zainabu:
To Kawu sauran biyun da ya shigar ma a duba su.

Ustaz Harun:
Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Da sunan gaskiya ne a jiki da tuni an gane.

Zainabu:
Ustaz ko Violin II aka rubuta a kan layin kilarinet haka za ta faru. Sannan firƙar mutum 8 ce ban da mai waƙa. Kawu, layin murya fa? In akwai shi sun zama 9, ta kyautar da Ustaz ya faɗa ba za ta ɗauka ba.

Ustaz Harun:
Sai a haɗa kalangu da dalluka a hannun makaɗi ɗaya a cikin manhajar, abu mai sauƙi. 'Yata, lokacin da nake kwashe fayil sama da ɗari daga manhajar Finale bayan an daina sayar da ita a Agustan 2024, haka na yi ta dabaru. Na san abin da nake faɗa.

Ɗan Gadarif:
Kun gani ko? An fara haɗa mu biyu a kaso ɗaya.

Musa Kahraba, Madina:
Yaya Abakar ga gajeriyar hanya. Fayil ɗin mscz matsattsen kundi ne irin zif. Yi kwafi, warware shi, za ka ga wani mai suna mscx a ciki, rubutu ne zalla. Buɗe shi da manhajar rubutu ka ce ta nemo Violin ta sa Goge, ka sake matsewa. In ta 4 ce, takardun makaɗa suna da nasu fayil daban a ciki, su ma sai ka bi su. Minti 5 kowace waƙa.

Isiyaka:
Kada ka yi wannan. Kalmar tana nan a wuraren da ba suna ba ne, wurin da manhaja take gane wane sauti za ta kaɗa. Ka sa a canja duka, fayil ya lalace. Ni shawarata ka gyara waƙa ɗaya tsaf, wuri ukun nan duka, ka cire ɗigon ka ajiye ta a matsayin ƙwarangwal. Sauran 13 ka kwafo kiɗan ka zuba a ciki layi bayan layi. Kuma kada ka gauraya harafin Larabci da lamba a suna ɗaya, Larabci daga dama yake tafiya, lambar sai ta koma gefen da ba ka zata ba.

Musa Kahraba:
Shi ya sa na ce ya yi kwafi ai. Kwafar waƙa 13 layi bayan layi da wutar Kassala? Sai bayan hafla.

Abakar Mai Ud:
Kwafa ba za ta yiwu ba, laftof ɗin na surukina ne, da dare kawai nake samu, in akwai wuta. Dorico kuma ban taɓa ganinta ba, ba zan fara koyo kwana 9 kafin hafla ba. Fasa fayil ma tsoro nake, filashar nan kaɗai gare ni. Ina ganin zan buga su yadda suke in bi da biro in soke tsohon suna in rubuta Goge.

Zainabu:
Biro ba zai sauke diyez biyun nan ba Kawu. Ko ba ka yi komai ba, gyara wannan layin. Kuma tura wa wani kwafin filashar yau, ko ta WhatsApp ne.

Ustaz Harun:
Ka ce masu hafla suna son nota a tsare, yanzu kuma biro. Su waye ma masu haflar? In baƙi ne za su ajiye notar, Violin za ka sa, ba zan canja magana ba. Turo mini fayilolin in yi maka a dare ɗaya, amma fa ni zan goge Goge.

Abakar Mai Ud:
A'a Ustaz, na gode, bar su a hannuna. Zan yi shawara da mai kamanja ta ɗaya, shi ya yi karatun abin a Khartoum.

Hajiya Batulu:
Ku bar yaro ya sa sunan ubansa mana. Abakar in an yi haflar a ɗauko mana a waya.

Isiyaka:
Yaya Abakar har yanzu ba ka ce ta 3 ce ko ta 4 ba.

Abakar Mai Ud:
An ɗauke wuta, da waya nake rubutu. A ina ake duba wannan?