Fuska ta toshe, farar riga ta wanke: daga ina matsalar take?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum, masu sana'a. Hoton wani dattijo ne baƙi da fari, cikin farar babbar riga da rawani, a ƙofar gida da hantsi. Fim HP5 Plus ne, an wanke da ID-11, rabi magani rabi ruwa, minti 13. Da aka buga a takarda, fuskar ta toshe, ko ido ba a gani sosai, rigar kuma ta yi fari fat, aikin da ke wuyanta ya ɓace. Laifin bugu ne ko na fim?

Malam Mai Hoto, Sabon Gari:
Wa'alaikumussalam. Ka fara duba dodon hoton, wato fim ɗin da aka wanke, a haske. In wurin fuska ya yi garau kamar gilashi, wurin riga kuma ya yi baƙi ƙirin, to ba a takarda abin ya lalace ba.

Abu biyu suka haɗu. Ma'aunin hasken kyamara ya ga farar riga ta cika wuri, sai ya rage haske, fuska ta cutu. Ka matsa kusa ka auna a kan fuskar ita kaɗai, sannan ka ja baya ka ɗauka. HP5 ɗin ma ka saita shi a ISO 200 maimakon 400 (ISO shi ne lambar saurin kama haske na fim), ka rage lokacin wanki da kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Haka inuwa za ta samu haske, fari kuma ba zai wuce gona da iri ba.

Na biyu, minti 13 ɗin nan na ruwa mai digiri 20 ne. Ruwan tankin Zariya a Maris da Afrilu ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma magani mai ɗumi sauri yake yi, wurin fari ya fi cutuwa. Ka sa kwalbar maganin cikin bokitin ruwa da ƙanƙara har ma'aunin zafi ya nuna 20. In ba ƙanƙara, a digiri 24 minti 9 ya isa. Kada dai lokaci ya gaza minti 5, wankin ba ya fitowa daidai. Fiksa (maganin da ke tabbatar da hoto bayan wanki) da ruwan ɗauraya su ma su kasance kusa da wannan zafin, domin tsalle daga sanyi zuwa zafi yana sa fuskar fim ta yamutse.

Yaya Asabe, Samaru:
Malam ya gama magana kan fim. Ni dai da tsayar da dattijo a rana ne ban yarda ba. Ku shigar da shi zaure, taku biyu daga bakin ƙofa, haske ya zo masa ta gefe, yaro ya riƙe farin kwali a ɗaya gefen.

Dodon da ke hannunka kuma, in akwai ɗan alama a fuskar, za a iya ceto shi. Takardar bugu ta Multigrade, tace (filta mai daidaita tsananin baƙi da fari) mai lamba 2, inlaja (na'urar da ke haska dodo a kan takarda) da buɗin lensi a f/8. Ka yi gwaji a ɗan yanki, daƙiƙa uku-uku, ka ɗora yankin a kan fuska da riga tare. In daƙiƙa 12 ta yi wa riga, ka tare fuska na daƙiƙa 3 ko 4 da ɗan kwali a kan siririyar waya, kana motsa hannu don kada shaci ya fito. Sannan ka koma tace 0, ka huda kwali, ka ƙara wa riga haske ita kaɗai har aikin ya bayyana. Takarda ta cika mintinta ɗaya a magani. Masu cire ta da wuri don ta fara duhu su ne baƙinsu ke fitowa toka-toka.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode, Yaya. Akwai alama kaɗan. Amma gwaji da ainihin bugun ba sa zuwa ɗaya.

Yaya Asabe, Samaru:
Wuta ce. In ta yi ƙasa ko an koma janareta, ƙwan inlaja yana dusashewa. Ka haɗa shi da sitabilaiza, kuma in wuta ta sauya ka sake gwajin. Ka duba jar fitilarka ta ɗakin bugu ma: ɗora kwabo a kan takarda na minti 5 ƙarƙashinta, ka wanke. In da'irar ta fito, fitilar ta yi kusa, ka nisanta ta fiye da mita ɗaya.