Yaya ya ce zai bar Kano ya koma gona

Yaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gama shawara. In Allah ya kai mu ƙarshen shekara zan ajiye aiki, in sallami gidan hayan nan na Hotoro, mu koma gonar marigayi Baba ta wajen Kura. In kewaye ta, in haƙa rijiya, in sa famfon sola, kaji da 'yan awaki a gefe. Maganata ɗaya ce: mai kadada biyu da ruwa ya fi ma'aikacin gwamnati 'yanci a ƙasar nan. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 albashina bai ƙara kai goma ga wata ba. An mai da mafi ƙarancin albashi naira 71,000 a Kano, amma kuɗin Adaidaita Sahu da cefane sun lashe ƙarin tun kafin ya iso.

Auta: Ina bayanku Yaya. Kura fa ba jigawar da ake zaman jiran damina ba ce. Ruwan madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako yana ratsa ta, shi ke shayar da Bunkure da Garun Malam ma. Rani da damina ana noma. Me ya rage?

Baffa: Auta, ka taɓa kwana kana tsaron ruwa? Yi shiru tukuna. Ɗana, shekarata talatin da wani abu a lambu, kuma ban taɓa zama ba ubangida ba. A ofis shugaba ɗaya gare ka, ni uku gare ni. Akwai ruwa: in gonarka na ƙarshen magudana, sai na sama sun ƙoshi, ga ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwan, dole ka tada inji ka sayi fetur ɗin da kake gudu. Akwai taki da feshi, waɗanda ba a ba da su bashi cikin sauƙi. Sannan dillali. Ka zo kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan cikin Fabrairu ka ga yadda tumatir ke nuna lokaci ɗaya. Motocin Legas na tsaye, mai saye ya faɗi abin da ya ga dama, kai kuwa kayanka na zubar da ruwa a kwando. Ko ka sallama, ko ka yanka ka shanya kauɗa. A 2016 da tsutsar tumatir da ake kira sharon ta sauka, kwana kaɗan gonaki suka ƙone kamar an sa musu wuta. Mai albashi ya ga tsada ne kawai a kasuwar Yankaba, mu jarinmu ne ya tafi.

Yaya: Allah ya ƙara girma Baffa, amma ba ku fahimce ni ba. Ba noman kasuwa nake nufi ba. Abin da za mu ci: masara, wake, 'yar shinkafa, kayan miya a bayan ɗaki. Wanda rumbunsa ke cike ina ruwansa da dillali?

Baffa: Rumbu ba ya biyan kuɗin makaranta. Ranar da yaro ya kwanta zazzaɓi za ka ɗebi buhu ka kai kasuwa, kuma da kaka ne lokacin da hatsi ba ya daraja.

Goggo: Ni ban ga abin da ya kai ga tashi ba. Tsakar gidana a Gwale bai fi tabarma huɗu ba. Buhunan siminti goma sha biyu na cika da ƙasa da kashin awaki, na huda gindinsu. Ga alayyafo, ga yakuwa, ga kuɓewa, ga attaruhu, zogale biyu a jikin katanga. Ruwan alwala da na wankin shinkafa suke sha. Rabona da sayen ganye na manta. Fanshona kuma na shigowa, ko da a makare.

Auta: Goggo wannan ai miya ce. Tuwon fa?

Goggo: Tuwon daga Dawanau, da kuɗin da ban kashe a miya ba. Marar kunya.

Kawu: Ku bar ni in sa baki daga nan Katsina. Abin da ya tsaya mini a maganar shi ne gida a tsakiyar gona, ba maƙwabci. Mutanen Batsari da Faskari da yawa da gonakinsu da rumbunansu suka baro, suna raɓe a gidajen 'yan uwa cikin gari. Wasu wuraren sai an biya 'yan bindiga kafin a yi girbi. In za ka koma, ka zauna cikin mutane.

Yaya: Kawu, Kura ba Batsari ba ce, kan titin Zariya take. Amma zancen zama cikin gari na karɓa.

Matar Yaya: Tunda a nan na fara jin ranar tashi, bari ni ma in amsa a nan. Kajin da awakin wa zai ba su dusa? Wa zai yi sussuka da surfe? Mutumin da barkonon da ya dasa a bokiti bara ni na ƙarasa shayar da shi. Ba na ƙin ƙauye, can aka haife ni, shi ya sa na san wanda aikin ke faɗowa a kansa.

Ƙanwar Yaya: Ni tambayata daban ce. Wace kadada biyun? Gonar Baba ba a raba ta ba, mu bakwai ne, ga tumunin Inna. In an fitar da rabon kowa, abin da zai zo hannunku Yaya ko rabin kadada bai kai ba.

Yaya: Wannan maganar ba ta nan ba ce.

Ƙanwar Yaya: Ku kuka kawo ta nan.

Baffa: Ya isa. Ɗana, kada ka rubuta takardar ajiye aiki. Zan yanka maka fegi huɗu a lambuna wannan ranin. Iri da taki da fetur daga aljihunka, ba ɗan ƙwadago. Duk Asabar da Lahadi ka zo. Ka sayi littafi ka rubuta kowace naira, in an kwashe albasa sai ka kawo mana lissafin.

Yaya: Na yarda. Wannan Asabar ɗin dai akwai ɗaurin aure a ofis ɗinmu.

Baffa: Ƙarfe sha ɗaya ake ɗaurawa. Ruwa na isowa layinmu bayan sallar asuba.