Neman shawara: sai da mutum-mutumi ake buga D&D?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata shida ke nan ina jan wasan Dungeons & Dragons, bugu na biyar, ni da ƙannena biyu da abokaina biyu, duk daren Asabar a falon gidanmu. Da baki muke yi: in ba da labari, kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, a jefa ɗan lido mai fuska 20. Asabar ɗin da ta wuce aka yi arangama da goblin takwas, wasu ƙananan dodanni, a cikin kogo, mai sihirinmu ya saki ƙwallon wuta, wanda ke cin ƙafa 20 ta kowane gefe. Na ce wutar ta lashi jarumin ƙanena, shi kuwa ya rantse tun ɗazu yana bakin kogon. Muka yi ta musu har shayi ya huce. Sai wani abokina ya aro mana ƙananan mutum-mutumi guda biyu na roba, da takobi da sulke, don a riƙa nuna inda jarumi yake. Hajiya ta shigo ta gan su a kan tebur ta ce, "Gumaka kuka fara ajiye min a gida?" Ga kuma tsada, da dala ake saye, kuɗin kawowa ya fi kuɗin kayan. Me kuke ganin ya dace in yi?

Mai shagon gyaran waya: Wa alaikumus salam. Malam, ba mutum-mutumi ne matsalarka ba, rashin sanin wa ke ina ne. Samo farin kwali, ka ari tef ɗin tela, ka ja layi gida-gida, kowane gida inci ɗaya. A dokar wasan gida ɗaya ƙafa biyar ne, don haka mai tafiyar ƙafa 30 gida shida zai ci a zagayensa, ƙwallon wutar nan kuma gida huɗu ta kowane gefe. Sai ka tara marafan kwalbar lemo. Faɗinsu milimita 26, kusan inci ɗaya cif, kamar don wannan aka yi su. Ka rubuta lamba a cikin kowanne da alƙalamin maka, goblin na 1 zuwa na 8. Babban dodo gida huɗu yake cikewa, biyu-biyu, murfin robar man shafawa ya ishe shi. Wanda ya mutu a kife shi. Mu shekara biyu ke nan a haka, kuma mai shayin unguwarmu ne ke tara mana marafan.

Tsohon ɗan wasa: Ni ban yarda a raina 'yan mutanen nan ba, daga jikinsu wasan ya fito. A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, dokokin yaƙi ne na jera ƙananan sojoji a kan tebur, daga nan Gygax da Dave Arneson suka fitar da D&D a 1974 a Amurka. Bugu na huɗu na 2008 ma da wuya ka buga shi ba allo mai gida-gida. Na biyar na 2014 ne ya sassauta, ya mai da allon zaɓi. Ina da mutum-mutumi guda goma sha biyu masu tsawon milimita 28, da hannuna na yi musu fenti a lokacin da nake karatu a waje. Ranar da na dire ƙaton dodo mai fukafukai a gaban 'yan wasana, wani sai da ya ja kujerarsa baya. Murfin kwalba ba zai taɓa yin wannan ba.

Wata 'yar uwa: Yaya, da girmamawa, dodon nan naka ya tsorata su sau ɗaya ne. Karo na biyu sun san roba ce, tsawon ɗan yatsa. Ni na lura da zarar an shimfiɗa allo mutane sun daina tambayar "akwai igiya a rufin ɗakin?" sai ƙirga gida kamar masu dara. Sannan mai jan wasa yakan fara gina labari a kan abin da ke cikin akwatinsa: yana da kwarangwal biyar, to kowane mako kwarangwal za a yaƙa. Abin da nake yi, faɗa da mutum biyu ko uku da baki, in abokan gaba sun haura biyar ko akwai sihirin da ke cin fili, a fito da kwali. Maganar Hajiya kuwa, hukunci na malamai ne, ka kai musu. Amma falon nata ne, ta kuma nuna ba ta so. Mayar wa mai su kayansa.

Mai shagon gyaran waya: In dai hoton ake so, akwai tsaka-tsaki. Kamfanin Paizo na sayar da na kwali masu tsayawa a kan ɗan gindin roba don wasan Pathfinder, mai kama da D&D. Kai ma za ka iya: a buga maka alama a shagon kwamfuta, takobi ko baka ko sanda, ka yanka ka manna a murfin. Ba fuska, ba jiki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na mayar da na aron jiya. Kwalin ma na ja masa layi, gida 22 a tsaye 28 a kwance, sai dai makar da na samu ba ta gogewa, kogon makon jiya ya zauna daram. Ƙanena ya riga ya zaɓi murfin Maltina, wai shi ne kalar sulkensa.

Tsohon ɗan wasa: Rufe kwalin da farar leda mai kauri, irin ta shimfiɗa a teburin cin abinci, ka yi zanen a kanta da makar allon makaranta. Tsumma ɗaya ya share. Kuma ka sa ƙanen naka ya ɗora murfinsa da hannunsa kafin a jefa ɗan lido.