Wa ke tuna zamanin Nokia 3310?

Mai tambaya daga Kano:
Assalamu alaikum. Jiya ina gyara akwatin marigayi mahaifinmu sai na ga tsohuwar wayarsa, Nokia 3310, lambobin madannanta sun goge saboda yawan latsawa. Wadda nake riƙewa yanzu ba ta kai magariba sai na nemi caji. Shin akwai wanda ke kewar waɗannan wayoyin kamar ni?

Amsa daga Zariya:
Wa'alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a 2001, layin waya ya fi ƙarfin talaka, shi ya sa muke bin layi wurin masu kiran waya a ƙarƙashin lema, muna kallon agogo, domin kuɗin minti ake biya har Glo ta kawo lissafin daƙiƙa a 2003.

Amsa daga Maraɗi:
Ni Nokia 1100 na fi ƙauna, Malam. Tocilar da ke kanta ta sha haskaka mana hanyar masallaci da asuba, kuma caji ɗaya yakan kai mu kwanaki.

Mai tambaya:
Amin, na gode. Gobe zan nema mata batir a kasuwar waya ta Farm Centre.