Muhawara: Shin adalci son ran mai ƙarfi ne kawai?

Malam Habibu: Jama'a, ni ina bayan Tarasimakus, wani malamin Girka ta dā. A littafin Jamhuriya na Aflaton, ya ce wa Sukurat adalci ba komai ba ne illa abin da ke amfanar mai ƙarfi. Ga tsibirin Melos nan shaida. A shekara ta 416 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanensa suka nemi a bar su 'yan ba-ruwanmu a yaƙin da ake yi tsakanin biranen Girka biyu, Atina da Sifarta. Jakadun Atina, a ruwayar masanin tarihi Tusididis, suka ce zancen haƙƙi sai in ƙarfi ya zo ɗaya. Da garin ya faɗi a hannun Atina aka karkashe maza, aka bautar da mata da yara, aka kawo mutum 500 suka gaje ƙasar.

Hajiya Rabi: Malam, wanda ya ci yaƙi ka nuna mana, ba mai gaskiya ba. Jakadun nan ba su taɓa kiran aikinsu adalci ba. Cewa suka yi a ajiye zancensa gefe, kuma ba a ajiye abin da babu.

Aminu: Hajiya, ai masanin falsafa Furotagoras ya ce ɗan Adam ne ma'aunin komai. Kowane birni da abin da ya ɗauka daidai. Da mudun wa za ki auna Atina?

Hajiya Rabi: Da nata, ƙanena. A shekara ta 427 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) majalisar Atina ta yanke a kashe duk mazan birnin Mitilini saboda sun yi mata tawaye, har jirgi ya tashi da umarnin. Washegari zukata suka karaya, suka ga hukuncin ya yi muni, aka sake zama, aka tura jirgi na biyu ya tsayar da kisan. Ba wanda ya tilasta musu.

Malam Habibu: Amma da wace hujja Diyodotus, mai neman a sassauta, ya kayar da Kiliyon, mai neman a yi kisan, a muhawarar ranar? Ya faɗa ƙarara cewa amfanin Atina yake dubawa, ba laifin Mitilini ba. Kuma duk da haka sai da aka kashe waɗanda aka ɗora wa tawayen.

Hajiya Rabi: Wannan ne ke ci mini rai, wallahi, a ce mai neman ceton rayuka sai ya fake da riba kafin a saurare shi. Sai dai nadamar ta riga jawabinsa, ita ce ma ta sa aka sake kiran taron. In adalci son ran mai ƙarfi ne, Malam, me ya dami masu ƙarfin da hukuncin da suka yanke da bakinsu?