Wai da gaske ƙwaƙwalwa tana gyaruwa bayan shanyewar ɓarin jiki?

Mai jinya:
Salam jama'a. Babana ne ya samu shanyewar ɓarin jiki yau wata huɗu kenan, hannun dama ko cokali baya riƙewa, amma jiya ina masa atisayen da aka koya mana a sashen gashi sai naga babban yatsansa ya ɗan motsa, wallahi sai da na yi hawaye. To ni an ce min abin da ya mutu a ƙwaƙwalwa ya mutu kenan, wannan motsin daga ina? Kuma wai ana binciken sake haɗa jijiyoyin?

Ɗalibar likitanci:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da jini ya yanke musu suka mutu basa dawowa, nan ba a maka ƙarya ba. Amma na kusa da su da suka tsira suna fidda sababbin rassa su ƙulla wata hanyar da saƙo zai bi ya isa hannu, kuma maimaici ne yake sa hanyar ta kafu, shi yasa masu gashi basa gajiya da cewa a sake a sake. Har akwai salon da wani masani, Edward Taub, ya fito da shi a Amurka, a rufe lafiyayyen hannun don dole a yi aiki da mai ciwon. Wata 3 zuwa 6 na farko an fi samun sauƙi da sauri, dan Allah kar ku yi wasa da su.

Mai bibiyar kimiyya:
Bincike kam ana yi. Tun 1987 wani likitan tiyata mai suna Benabid a Faransa ya fara sa siririyar waya mai lantarki can cikin ƙwaƙwalwa don tsayar da karkarwa, yanzu masu cutar Parkinson (mai sa karkarwar jiki) da yawa da ita suke rayuwa. A 2018 jami'ar Kyoto ta Japan ta fara gwajin dasa musu ƙwayoyin da ke samar da dopamin (sinadarin da ke ƙaranci a ƙwaƙwalwarsu), sannan a 2023 a Lausanne ta ƙasar Switzerland aka haɗa ƙwaƙwalwar wani mai shanyewar ƙafafu da lakarsa ta na'ura har ya taka da ƙafarsa. Sai dai ka lura waɗannan wasu cututtuka ne daban da na Baba.

Ɗalibar likitanci:
Kuma duk wanda ya ce ku biya a yi wa Baba allurar ƙwayoyin halitta (stem cells) ya warke, ku fara tambayar likitansa, wannan har yanzu a matakin gwaji yake.

Mai jinya:
Na gode sosai Anti, hankalina ya kwanta. Gobe muna da ganin mai gashi, zan tambaye shi ko Baba ya kai a gwada masa rufe hannun.