Taƙaitawa: aikin taimaka wa ɗalibai masu lalurar ƙwaƙwalwa

Jama'a, ga abin da na tsinta a doguwar tattaunawar da aka yi kan yadda mai wannan aiki zai taimaka wa irin waɗannan ɗalibai a makaranta:

1. Kusan kowa ya yarda: in kana wannan aiki, kai mataimaki ne, ba likita ba. Kada ka raɗa wa ciwo suna.
2. Yaro in ya fara rawar jiki ko ya shige ƙarƙashin benci, a fita da shi inuwa, a sassauta murya, tambayoyi sai ya huce. Ban da bulala.
3. Sirri amana ne, amma in ya ambaci kashe kansa, a sanar da shugaban makaranta da iyaye a ranar.
4. An rabu kan iyayen da ke cewa aljanu ne. Wasu sun ce a bar su da ruƙiyyarsu, a lallaɓa su haɗa da asibiti. Wasu na ganin hakan jinkirta magani ne kawai. Ni dai ina bayan na farko, don musu da uba kan sa ya cire ɗansa daga makaranta.